Ƙwaya Ashirin da Takwas

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Wannan littafin na saye shi ne don bayanan kundin digirina na biyu. Shafukan farko duk zanen ƙwayar cuta ne. Yau na juyo shi ta baya na fara wannan, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Shekara tara ina aikin ɗakin gwaje-gwaje a asibiti a nan Gumel, allura ba ta taɓa sukata ba sai yau, goma saura. Na gama ɗibar jini, ina zare allurar, mai jinin ta zabura, hannunta ya bugi nawa. Allurar ta huda safar hannu ta shige gindin babban yatsana na hagu. Na danna mata auduga, na ce ta jira a waje, na je famfo na wanke da sabulu. Ita ko lura ba ta yi ba.

Sannan na ɗiga jininta a kan tsinken gwaji. Layi ɗaya lafiya, layi biyu akwai cutar nan mai karya garkuwar jiki. Minti goma sha biyar ake jira. Bai kai biyar ba layi na biyu ya fito. Na sake da wani irin tsinken kamar yadda ƙa'ida ta ce. Haka dai.

Sista Fadimatu, wadda ke riƙe da sashen masu karɓar maganin wannan cutar, ta gwada ni. Layi ɗaya. Ta miƙo mini roba ta ce, "Ƙwaya ɗaya kullum, kwana ashirin da takwas, a kan lokaci. Sha ta yau a gabana." Na sha da ƙarfe sha ɗaya.

"Kin san mai jinin?" in ji ta.

Na ce na sani.

"Ta gida ce?"

Na gyaɗa kai. Ta ce, "Tayyiba, shi ya sa ake hana mu ɗibar na gida." Sai ta kira mai jinin ciki ta rufe ƙofa. Bayan rabin awa na hango bayanta ta taga tana sauri zuwa bakin titi. Ba ta karɓi magani ba, ba ta yi mini sallama ba.

Ba zan rubuta sunanta ba.

Talata, 8 ga Yuli, sha ɗaya da minti biyar

Ta biyu. Saura ashirin da shida.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Maigidana, Abban Ummu, ya dawo daga aiki a Maigatari da atamfa turmi biyu, wai in duba ko za su dace da Yaya Safara'u. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Shekara uku da rasuwar mijinta, sai bana ta yarda za ta sake aure. Mai neman ta Malam Ɗantsoho ne, tsohon malamin firamare a Gagarawa, shi ma matarsa ta rasu. An sa rana Juma'a takwas ga Agusta.

"Ta ce ta zo wajenku gwajin aure shekaranjiya," in ji shi. "Takardar ta fito?"

Na ce injin gwajin sikila ya ɗan samu matsala.

Ƙaryar farko ke nan. Ta fito mini da sauƙin da ya ba ni tsoro.

Atamfar ta yi kyau. Shuɗiya mai ganye-ganye.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Dakta mai duba aikina ya turo saƙo daga Kano: babi na biyu kafin ƙarshen wata. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin gwaji. Shekara guda ina karanta yadda wannan ƙwayar cutar take nuna, yau ga shi ina rubuta babin da yatsan da ta bi.

Bari in rubuta da Hausa yadda na fahimta, ko kaina ya zauna wuri ɗaya.

Idan sabuwar ƙwayar cuta ta fito daga sel, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jiki da su, ɗanya take fitowa, ba ta iya kama kowa. A cikinta akwai wani dogon furotin mai gaɓa-gaɓa kamar sandar rake, dubbai a jere. Akwai kuma zare biyu na RNA, waɗanda ke ɗauke da duk bayanin yadda za a ƙera wata ƙwayar. Sai wani sinadari mai aikin almakashi ya bi gaɓoɓin yana yankewa, ba da ka ba, bi da bi. Ɗaya daga cikin guntayen shi ne nawa, nukiliyokafsid, muna ce masa NC. Ɗan mitsitsi ne, yana da yatsu biyu, kowane yatsa ya naɗe a kan ƙwayar zink ɗaya. Da an yanto shi sai ya bazu a kan zaren nan biyu, ya haɗa su su manne sosai, ya dunƙule su tamau, ɓawo mai tsini ya rufe a kansu. A nan ƙwayar ta nuna. A nan take zama abin da ke iya shiga jikin wani.

Wato abin da ke cikin allurar nan ranar Litinin, nunannu ne.

Kai, rufe littafin.

Juma'a, 11 ga Yuli, da hantsi

Cikin mutum dubu da irin wannan allura ta soka, kamar uku ne ke kamuwa. Da magani kuma ƙasa da haka sosai. Ni na sha faɗa wa ɗalibai masu zuwa koyon aiki wannan lissafin. Uku a dubu. Yau na gane duk mai jin lissafin nan ukun yake kallo.

Tashin zuciya, ciwon kai ta gefe ɗaya. Barci rabi-rabi. Fadimatu ta ce maganin ne, zai lafa.

Na kira lambar mai jinin sau huɗu. Tana shiga, ba a ɗauka.

Asabar, 12 ga Yuli, sha ɗaya da kwata

A gida shan ya fi wuya. Na ɓoye robar a aljihun cikin jakar aiki, na shiga banɗaki da kofin ruwa. Ummu ta tsaya a ƙofa tana cewa, "Mama, me kike ci?" Shekara huɗu, ba abin da ke wuce ta.

Fadimatu ta ja mini kunne a kan wani abu kuma, game da ni da Abban Ummu, har sai an tabbatar. Na ce masa bayana ke ciwo, na koma ɗakin Ummu da kwana. Da safe ya tambaye ni ko ya yi mini wani laifi.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan magariba

Na je Sule Tankarkar. Na ce zan kai atamfar.

Hanya duk kore, gero ya kai gwiwa, mutane sun duƙufa noma. Iya, surukata, tana tsakar gida tana tsince gyaɗa, ta yi ta sa mini albarka. Yaya tana bayan gida wajen tuyar ƙuli-ƙuli. Ta gan ni, ba ta ɗago ba. Na tsuguna kusa da murhu na gaishe ta.

Na ce, "Yaya, magani yana nan, kyauta ne. Mutane na shekara ashirin, talatin a kansa, suna aurar da jikoki."

Ta ce, "Marigayi ne, ko?"

Na ce Allah ne masani.

"Wata takwas ina jinyarsa. Aka ce taifot, aka ce sammu. Ni na wanke shi, ni na juya shi." Ta tsame ƙuli ta zuba a kwando. "Bai taɓa ce mini komai ba, Tayyiba. Ko ya sani, ko bai sani ba."

Daga nan ta roƙe ni wani abu. Ta kama hannuna, na hagun ma, daidai wurin. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Ashe ban isa ba." Ta saki hannun.

Ta ƙulle mini ƙuli a leda don Ummu. Ko a haka ba ta manta ba.

Litinin, 14 ga Yuli, bakwai na safe

Abin da Yaya ta roƙe ni jiya: takardar sakamako ta ce in rubuta mata. Mai layi ɗaya. Ta ce hatimi yana hannuna, ba wanda zai sani, in an ɗaura auren za ta zo ta karɓi maganin a ɓoye.

Ban faɗa mata zancen allurar ba. Na so in faɗa. Na ga kamar zan ɗora mata dutse ne a kan wanda take ɗauke da shi.

Laraba, 16 ga Yuli, sha ɗaya da minti biyu

Ta goma.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe uku

Malam Ɗantsoho ya zo da kansa. Dogo, siriri, da tabarau ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin gwaji kamar zai shiga masallaci. Ya nuna mini tasa takardar da ya yi a Gagarawa, ya lulluɓe ta a leda don ruwan sama. Komai lafiya.

"'Yata, liman ya ce sai ya ga biyun. Na ce bari in biyo, kada in wahalar da Safara'u da zirga-zirga."

Na ce, "Baba, sakamako sai mai shi. Doka ce."

Ya ce, "Madalla da wannan doka." Ya yi murmushi. Wai ya gyara ɗakin, ya sa sabon rufin kwano, ya dasa zogale a bayan taga don ya ji tana son miyarsa. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa kamar saurayi.

Da ya fita na shiga sito na zauna a kan kwalin safar hannu. Ban yi kuka ba. Na dai zauna.

Asabar, 19 ga Yuli, da azahar

Na rubuta shafi shida na babin. Abin da ya tsaya mini a rai yau: NC tun yana manne a jikin dogon furotin yana kama zaren, amma riƙo ne mai nauyi, in ya kama ba ya saurin saki. Sai an yanke shi ya zama shi kaɗai yake koyon kamawa da saki da sauri, kama, saki, kama, saki. Wannan saurin shi ke ba shi damar warware ƙulle-ƙullen zaren idan ƙwayar ta shiga sabon sel, har a kwafe bayanin a dasa shi cikin gadon halittar mutum. In an dasa, an dasa ke nan.

Maganin da nake sha yana tare hanya a wuri biyu: wajen kwafewa da wajen dasawa. NC kuwa har yau babu maganinsa a kanti. An gwada sinadaran da ke fizge zink ɗin daga yatsunsa, in an fizge yatsun sai su saki, ƙwayar ta lalace. Amma jikin mutum ma yana da furotin masu irin waɗannan yatsu, ga wuyar a bugi nasa a bar namu.

Tsakanin sukar da shan maganin farko awa ɗaya da 'yan mintuna. Na lissafa ya fi sau ɗari. Me zai iya faruwa a awa ɗaya? Na san amsar a takarda: kusan ba komai. Na sake lissafawa.

Yatsan ya warke sarai. Ko tabo babu. Ina ta dubawa.

Litinin, 21 ga Yuli, da yamma

Abban Ummu ya daina tambaya. Yana cin abinci, ya ce an gode, ya ɗauki rediyonsa ya fita ƙofar gida. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini.

Iya ta kira wai a fara maganar masu girki. Na ce to. Na ce to. Na ce to.

Talata, 22 ga Yuli, sha biyu saura

Zazzaɓi.

Talata dai, ƙarfe huɗu

Talatin da takwas da ɗigo tara. Ciwon gaɓoɓi. Sati biyu da kwana ɗaya. Duk littafin da na karanta ya ce in ta kama, tsakanin sati biyu zuwa huɗu take fara nuna kanta da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kaluluwa, ƙuraje. Na shafa wuyana har ya yi ja. Na tsaya gaban madubi da fitilar waya ina leƙa maƙogwaro.

Fadimatu ta ƙwace wayar. Ta ce, "Damina ce, sauro ya cika gari, rabin layin waje zazzaɓi ya kawo su. Kawo yatsa." Ta sa aka duba. Maleriya ce, har da yawanta. Na ce a ba ni gilashin in gani da idona. Na gan su a madubin gwaji, 'yan zobba-zobba a cikin jini. Ban taɓa murnar ganinsu ba sai yau.

Amma ana iya samun biyun tare. Wannan ma na sani. Da ma ban sani ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da hantsi, a kwance

Jiya Abban Ummu ya gani.

Ina kwance ina rawar sanyi, na ce ya ɗauko mini maganin maleriya a jaka. Na manta. Ya daɗe. Da ya shigo robar na hannunsa, wayarsa a ɗaya hannun, ya riga ya bincika sunan.

Ya ce, "Maman Ummu, mene ne wannan?" Muryarsa a ƙasa ƙwarai.

Na ce ya buɗe zif ɗin baya, akwai takardar rahoton haɗari da sa hannun shugaban sashe. Ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa. Na ga kafaɗunsa sun sauka, sannan na ga sun sake hawa.

"Bakwai ga wata. Yau ashirin da uku. Kwana goma sha shida kina kwana a ɗakin yarinya, ni ina ta neman laifina."

Na ce na ji tsoro.

"Tsorona?"

Na ce a'a.

"To jinin wa?"

Na ce ba zan iya faɗa ba, amanar aiki ce.

Ya ce, "Ban tambaye ki don in je in kama shi ba." Ya ajiye robar a kan akwati a hankali, kamar za ta fashe. Ya kawo mini kunu, ya tsaya har na shanye.

Yau kafin ya tafi aiki ya sa ƙararrawa a wayarsa, sha ɗaya daidai. Ya kira ni daga Maigatari, hayaniyar kasuwa a bayansa. "Kin sha?" Na ce na sha. Ya kashe.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Ya kira ya ce, "Kin sha?" Ya kashe.

Saura sati biyu ɗaurin aure. An kai goro gidajen dangi.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta tun yana sabo.

Da safe, wajen tara, aka yi sallama. Yaya ce, mayafinta jiƙe da yayyafi, ba jaka, ba tsaraba. Ashe jiya Abban Ummu ya kira ta. Ba shi da wanda yake kai wa kuka sai ita, tun yana yaro. Ya ce ta sa ni a addu'a, allurar wani mai cutar ta soke ni a wurin aiki ranar Litinin bakwai ga wata da safe.

Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Tayyiba, mutum nawa kika ɗebi jininsu ran nan kafin goma?"

Na ce ban riƙe ba.

"Kar ki yi mini haka. Na tuna na zabura. Na tuna kin juya mini baya kin tafi famfo."

Abban Ummu ya fito daga ɗaki da buta a hannu. Ya dube ta, ya dube ni.

Ta ce, "Nasiru, ajiye butar nan ka zauna." Ya zauna a bakin rijiya. "Jinina ne. Ni ce mai cutar. Yarinyar nan ta zo har gida, na roƙe ta ta yi mini takardar ƙarya ta ƙi, na yi fushi da ita, ashe da dafina a jikinta take zaune a gabana, ba ta ce mini komai ba."

Na ce, "Yaya, ba dafi ba ne, kuma ba ke kika—"

Ta ce, "Yi shiru, ban gama ba." Amma ta gama. Ta zauna a ƙasa, a jiƙaƙƙen siminti, ta rufe fuska.

Ban taɓa ganin Abban Ummu yana kuka ba, ko a rasuwar mahaifinsu. Ya matsa ya zauna kusa da ita a ƙasan. Ni na ɗauke Ummu na kai ta maƙwabta.

Da na dawo ƙararrawar wayarsa na kaɗawa. Sha ɗaya. Na ɗauko robar na sha a gabansu, a fili, karo na farko. Yaya ta karɓa ta juya ta. Ta ce, "Irin wannan za su ba ni?" Na ce irinta sak, sai dai ni kwana ashirin da takwas, ita kullum. Ta ce, "Ƙanƙanuwa ma ce."

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe ɗaya

Yaya ta kwana biyu a nan. Yau mun tafi tare a adaidaita. Fadimatu ta buɗe mata kati, ta yi mata bayani kusan awa guda. Ta sha ta farko.

A hanyar dawowa ta ce in gaya mata abin da nake karantawa a kan cutar, tunda Nasiru ya ce shi ne karatuna. Na yi mata zancen rake da almakashi da yatsu biyu masu dunƙule zare. Ta saurara sosai. Ta ce, "Wato har ita sai ta nuna." Na ce e. Ta ce, "To wannan maganin me yake yi?" Na ce yana hana ta haihuwa a jiki. In ta daina haihuwa, waɗanda ke yawo a jini suna ƙarewa, har a kai inda inji ba ya ganinsu. In an kai nan aka dawwama a kan magani, mace ba ta sa wa miji.

"Wata nawa?"

Na ce galibi kafin shida.

Muka wuce tasha. Sannan ta ce, "Malam zan gaya wa da bakina. Kada kowa ya riga ni."

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Ta je Gagarawa jiya, Abban Ummu ya kai ta a babur ya jira a waje. Ya ce ba su fi minti ashirin ba. Malam ya rako ta har bakin hanya, ya ce a ba shi kwana biyu.

Kwana biyu. Na share gida sau uku. Na tura wa Dakta babin, ban ko sake karantawa ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe biyu

Malam Ɗantsoho ya zo asibiti da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Tambaya goma sha ɗaya ya rubuto, da lamba. Yaya ta riga ta ba Fadimatu izini, don haka muka zauna mu uku. Ana ɗauka a kwano? A'a. A buta? A'a. Sauro fa? A'a. In ta manta kwana ɗaya? In inji ya daina gani, ta warke ke nan? Fadimatu ta ce a'a, tana nan a ɓoye, magani ne ke danne ta. Ya rubuta kowace amsa, yana gyara tabarau.

Ta goma sha ɗaya bai karanta ba. Ya rufe littafin.

Ya ce, "Ni ba jarumi ba ne, 'ya'yana. Na ji tsoro, har yanzu ina ji. Ina da 'ya'ya manya, za su yi magana in sun ji." Ya sa takalmi. "A ɗaga ranar zuwa bayan kaka. In an yi gwajin nan na wata shida, a kira ni in zo in ji da kunnena. Ban ce na fasa ba. Ban kuma ce komai ya wuce ba."

Ban san ko in ji daɗi ba. Yaya da aka gaya mata ta ce, "Ya fi abin da na zata." An ce wa Iya sai an girbe amfanin gona. Ta yi ta mita a kan goron da aka raba.

Lahadi, 3 ga Agusta, sha ɗaya da minti ɗaya

Ta ashirin da takwas. Na zata zan ji wani abu. Ba a gwaji sai sati shida sun cika, wato sha takwas ga wata.

Abban Ummu ya ce, "Da kin gaya mini rabin, rabin da yake naki." Na ce in na ba shi rabi zai nemo sauran, na san shi. Ya yi tunani ya ce haka ne. Ya ce duk da haka. Na ce duk da haka, ka yi haƙuri. Bai ce ya haƙura ba, amma ya tura mini kwanon gyaɗar da yake ci.

Juma'a, 8 ga Agusta, da azahar

Da yau ne ɗaurin auren. Ruwa ake tun safe.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe uku

Dakta ya dawo da babin, ja ko'ina. A gefen sashen NC ya rubuta wai nan ne kaɗai ya ji kamar na damu da abin da nake rubutawa.

Sha ɗaya na yi, hannuna na neman jaka da kansa.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Gobe.

Litinin, 18 ga Agusta, sha biyu da rabi

Fadimatu ta kore ni daga ɗakin, wai ba za ta bari in tsaya a kan tsinken ina huci ba. Na zauna a bencin waje tare da masu jira, inda ban taɓa zama ba. Abban Ummu ya ɗauki hutun rabin yini, yana gefena yana karkaɗa makullin babur har wata tsohuwa ta ce ya bari. Minti goma sha biyar cif ta cika, ba ta rage mana ko ɗaya ba.

Ta leƙo ta ɗaga yatsa ɗaya.

Na shiga na duba da kaina, a hasken taga, na karkata shi hagu da dama. Ɗaya. Ta ce akwai na ƙarshe a Oktoba kafin a rufe fayil, amma in je in ci gaba da rayuwata. Abban Ummu ya ce, "Alhamdu lillahi," ya fita da sauri wai zai duba babur.

Na kira Sule Tankarkar. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba aka ɗauka.

"Nawa?"

Na ce, "Ɗaya, Yaya."

Shiru. Ina jin kaji a bayanta, da Iya tana tambayar wa ke magana. Na ce, "Yaya, kina ji na?"

Ta ja hanci ta ce, "Ina ji. To bari in je in ci abinci. Tun shekaranjiya ruwa kawai nake haɗiyar maganin nan da shi."